Ƙananan Motocin Alfarma Masu Gudu: Tambayoyi da Amsoshi Kan Daraja, Ƙarin Kaya da Daɗin Tuƙi

Mai son mota da ya kai ga zaɓe tsakanin BMW M3, Mercedes-AMG C 63, Audi RS 3, Alfa Romeo Giulia Quadrifoglio da takwarorinsu yakan tarar da alƙaluma sun yi masa yawa, kowane kamfani yana zayyana ƙarfin injinsa da saurin tashinsa, alhali abin da zai zauna da shi kullum shi ne yadda motar take a hannunsa da abin da take ci masa a aljihu. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi yawan fitowa, kuma an amsa su ne bisa abin da direba zai ji da jikinsa, ba bisa abin da aka rubuta a takardar talla kaɗai ba.

Waɗanne motoci ake nufi da wannan rukuni?

Ana nufin motocin da girmansu bai wuce na motar iyali matsakaiciya ba, waɗanda kamfanonin alfarma suka ɗauki samfurinsu na yau da kullum suka sake masa inji da birki da shakazoba da tayoyi domin gudu da kwana. Rukunin ya kasu gida biyu. Akwai manyansa, wato BMW M3 da M4, Mercedes-AMG C 63, Audi RS 4 da RS 5, Alfa Romeo Giulia Quadrifoglio daga Italiya, Cadillac CT4-V Blackwing daga Amurka, da Lexus IS 500 daga Japan. Akwai kuma ƙananansa, irin su Audi RS 3, Mercedes-AMG A 45 S da CLA 45 S, sai BMW M2 mai ƙofa biyu, wadda ta fi M3 ƙanƙanta a jiki amma injinta na M3 ɗin ne. Bambancin gidajen biyu ya wuce tsawon bodi. A RS 3 da A 45 S da CLA 45 S injin yana kwance ne a gicciye kamar na motocin da tayoyin gaba ke ja, su kuwa sauran injinsu a tsaye yake daga gaba zuwa baya, kuma wannan tsari shi ne tushen yawancin bambancin da ake ji idan aka shiga kwana.

Daga ina wannan gasa ta samo asali?

Daga tseren motoci ta fito. A shekarun 1980 dokar tseren da ake kira Rukunin A ta wajabta wa kamfani ya ƙera aƙalla motoci 5,000 na sayarwa kafin a yarda ya shigar da samfurin filin tsere. Mercedes ta fitar da 190 E 2.3-16, wadda kamfanin Cosworth na Ingila ya yi wa aikin kan inji, BMW kuma ta amsa da M3 ta farko a 1986, mai inji silinda huɗu lita 2.3 da ƙarfin doki kusan 200, nauyinta kuma kusan kilo 1,200. AMG tun 1967 Hans Werner Aufrecht da Erhard Melcher suka kafa shi a matsayin kamfani mai zaman kansa da ke ƙara wa motocin Mercedes ƙarfi, daga baya ya koma ƙarƙashin Mercedes ɗin. Audi ta shigo da nata salon a 1994 da RS 2 Avant, wadda ta ƙera tare da Porsche. Abin lura shi ne M3 ta farko ba ta kai rabin ƙarfin M3 ta yau ba, amma har yanzu masu tuƙi suna ambatonta idan ana maganar daɗin sitiyari, saboda rashin nauyinta.

Shin wadda ta fi ƙarfin doki ita ce ta fi?

A'a, kuma babu inda wannan ya fito fili kamar a labarin C 63. Samfurin da ya fito a 2008 yana da inji V8 lita 6.2 marar turbo mai ƙarfin doki 457, wanda ya biyo shi a 2015 kuma V8 lita 4.0 mai turbo biyu, inda nau'in S ya kai doki 510. Sai aka zo C 63 S E Performance da aka bayyana a 2022, aka cire V8 aka sa inji silinda huɗu lita 2.0, aka haɗa shi da injin lantarki a baya da batir, jimillar ƙarfin ta kai doki 680. A takarda ta wuce kowa a rukunin da tazara mai yawa. Amma batir da injin lantarki da na'urorin sanyaya su sun kai nauyin motar sama da kilo 2,100, wato ta fi M3 Competition, nau'in M3 mai ƙarin ƙarfi, nauyi da fiye da kilo 300. Sakamakon shi ne tana kai gudun kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 3.4, ita kuwa M3 Competition mai jan taya huɗu ta 2021, da dokinta 510, tana kaiwa cikin daƙiƙa 3.5. Ƙarin doki 170 ya sayo kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa.

Nauyi kuwa ba ya tsaya a tashi kawai. Shi ne birki yake fama da shi a duk tsayawa, shi ne yake dumama tayoyi yana cinye su, shi ne kuma yake jan mota waje idan aka shiga kwana da gudu. Injiniyoyi suna iya ɓoye shi da sitiyarin tayoyin baya da shakazoba mai kwamfuta, kuma sun yi ƙoƙari matuƙa, amma ɓoyewa daban, kawarwa daban. Wannan ne ya sa a ganina lambar da ta fi cancanta mai saye ya fara nema ita ce ta nauyi, kafin ta doki.

Akwai kuma ɗan ruɗani a ma'aunin kansa. Turai tana ƙirga dokin da ya ɗan gaza na Amurka da Ingila, shi ya sa injin da aka rubuta masa 510 a Jamus ake rubuta masa 503 a Amurka, alhali inji ɗaya ne. Wanda yake kwatanta Cadillac ko Lexus, masu doki 472 a ma'aunin Amurka, da motocin Jamus, sai ya tuna da wannan.

Me ake nufi idan aka ce mota tana da daɗin tuƙi?

Ana nufin motar tana gaya wa direba abin da tayoyinta suke ciki, kuma tana amsa masa daidai gwargwadon abin da ya nema, ba ƙari ba ragi. Abin ya fi sauƙin ganewa idan aka ɗauki kwana guda ɗaya aka bi ta a hankali. Direba yana tunkarar kwanar, ya ɗora ƙafa a birki, sai ya ji ko birkin ya kama tun daga farkon taɓawa ko sai an nutsa ƙafa, ko kuma ƙarfinsa yana ƙaruwa a jere yadda zai iya sassauta shi kaɗan-kaɗan. Ya juya sitiyari, sai ya lura ko hancin motar ya bi hannunsa nan take ko akwai ɗan jinkiri kafin bodi ya jingina. A tsakiyar kwanar, mota mai kyau takan sa sitiyari ya ƙara nauyi a tafin hannu yayin da tayoyin gaba suke ɗaukar kaya, sannan ya ɗan yi sako-sako idan sun kusa sakin kwalta, kuma wannan sakin shi ne gargaɗin da direba yake bukata. Da ya fara hango mafita ya taka totur, sai ya ji a ƙugunsa da bayansa yadda tayoyin baya suke tura motar suna gyara mata hanya. Duk wannan yana faruwa cikin daƙiƙa biyar ko shida, kuma babu alƙalami ɗaya a takardar talla da yake auna shi.

A wannan fanni Giulia Quadrifoglio ta yi suna tun fitowarta kasuwa a 2016. Sitiyarinta yana da sauri ƙwarai, har sabon direba yakan juya fiye da kima a kwanar farko kafin hannunsa ya saba, shakazobanta kuma suna da taushin da ke barin bodi ya bi hanya maimakon ya yi tsalle a kanta. An rage mata nauyi da bonet da rufi da sandar da ke kai ƙarfi baya, duk na zaren kabon. CT4-V Blackwing ita ma ana yaba mata kan haka, musamman saboda shakazobanta masu ruwa mai ɗauke da ƙwayoyin ƙarfe, wanda maganaɗisu yake sauya wa kauri cikin ƙiftawar ido. M3 ta yanzu tana da hanci mai kama kwalta sosai da daidaito mai ban mamaki, sai dai sitiyarinta, wanda ya koma na lantarki tun samfurin 2014, ya fi ba da daidaito a kan ba da labari.

Jan tayoyin baya ko jan taya huɗu?

Jan baya ya fi sauƙin nauyi, yana barin tayoyin gaba su yi aikin juyawa kaɗai, kuma yana ba direba damar gyara hanyar mota da totur. Illarsa ita ce doki 500 a kan tayoyi biyu ba ya yafe ganganci idan ƙasa ta jiƙe. Giulia Quadrifoglio da Blackwing da IS 500 duk jan baya ne.

Jan taya huɗu kuma ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan ne masu saye da yawa suke kuskure. Na M3 xDrive, wanda ya zo a 2021, asalinsa jan baya ne da ake aika wa gaba ƙarfi idan an bukata, har ma ana iya kashe gaban gaba ɗaya idan aka kashe na'urar hana sulɓi, kuma ƙarin nauyinsa kusan kilo 50 ne. Na RS 4 da RS 5 yana raba ƙarfi kashi 40 gaba, 60 baya a tafiyar yau da kullum, amma injin yana zaune ne can gaba da layin tayoyin gaba, abin da ke sa motar ta tsaya daram a kowane yanayi tana kuma nuna nauyin hanci idan aka matsa mata. Na RS 3 da A 45 S asalinsa jan gaba ne, sai dai samfuran yanzu an sa musu kuloci biyu a baya, ɗaya ga kowace taya, waɗanda ke tura ƙarfi zuwa tayar da ke waje a kwana domin motar ta juya maimakon ta zarce. Audi ta ƙara da wata dabara a RS 3 ta 2021: tayoyin gaba sun fi na baya faɗi, 265 a gaba da 245 a baya, akasin abin da aka saba gani. Wanda yake tuƙi inda ruwan sama ko ƙanƙara suke yawa, jan taya huɗu zai ba shi kwanciyar hankali da ya cancanci kuɗinsa. Wanda hanyoyinsa busassu ne kuma yake son koyon sarrafa mota, jan baya ya fi koyarwa.

Yaya injunan suka bambanta a hali da ƙara?

Injin M3 da M4 da M2 silinda shida ne a jere, lita 3.0, da turbo biyu. Irin wannan jeri yana daidaita girgizarsa da kansa, shi ya sa yake hawa har ƙarshen juyinsa lami lafiya. Na RS 3 silinda biyar ne, lita 2.5, doki 400, yana kunna silindojinsa a tsarin 1-2-4-5-3, kuma daga wannan tsari ne ƙararsa mai gurnani take fitowa, ƙarar da aka san Audi da ita tun motar Quattro ta 1980. Na A 45 S silinda huɗu ne lita 2.0 da ke fitar da doki 421, mutum ɗaya ne yake haɗa kowane inji da hannunsa a masana'antar AMG da ke Affalterbach a Jamus ya sa hannu a kansa, kuma an tsara shi ne ya fi ƙarfi a saman juyi. Na Giulia V6 ne lita 2.9. Na Lexus IS 500 kuwa V8 ne lita 5.0 marar turbo, irin wanda ya kusa ɓacewa a kasuwa: ba ya bugun ƙirji a ƙaramin juyi kamar masu turbo, sai an bi shi sama yake buɗewa, amma yana amsa ƙafa ba tare da jinkiri ba.

Game da ƙara, ya kamata a san abu biyu. Matatar hayaƙi da dokokin Turai suka sa aka riƙa sanya wa injunan fetur daga wajen 2018 ta rage ƙarar salansa, kuma kamfanoni da dama suna cike giɓin da sautin da ake sakowa ta lasifikokin cikin mota. Wanda ƙara ta dame shi sai ya sauke gilashi, ko ya tsaya a waje wani ya wuce da motar.

Har yanzu ana samun giyar hannu, kuma tana da amfani?

Ana samu a kaɗan. BMW tana ba da giyar hannu mai shida a M2 da kuma M3 da M4 na asali masu doki 480, ba a nau'in Competition ba. Cadillac ta sa ta a matsayin giyar asali a Blackwing, otomatik mai goma shi ne zaɓi. AMG da Audi ba sa bayarwa a wannan rukuni. Otomatik mai takwas na kamfanin ZF, wanda BMW da Alfa Romeo da RS 5 suke amfani da shi, ya fi kowane hannu sauri kuma ya fi sauƙi a cunkoso. Amfanin giyar hannu shi ne tana ba direba aikin yi ko a ƙaramin gudu, kuma a mota mai ƙarfin da ba a iya amfani da rabinsa a titi ba tare da karya doka ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Shin ya zama dole a sayi babban nau'in, ko na tsakiya ya isa?

Ga mafi yawan mutane na tsakiya ya isa, har ya yi yawa. Tsakanin motar yau da kullum da babban nau'in akwai mataki guda: BMW M340i, Mercedes-AMG C 43, Audi S4 da S5 da S3, da Genesis G70 mai inji V6 lita 3.3 daga Koriya ta Kudu, wadda aka gyara tafiyarta a lokacin da Albert Biermann, tsohon babban injiniyan M, sashen motocin gudu na BMW, yake aiki da Hyundai. M340i xDrive ta 2019, da silinda shida da doki 374, tana kai kilomita 100 cikin daƙiƙa 4.4, saurin da ya wuce na M3 mai V8 ta 2007. Ta fi taushi a kan gargada, ta fi shan mai kaɗan, tayoyinta da birkinta sun fi sauƙin canji, kuma ratar kuɗin da ke tsakaninta da M3 babba ce.

Abin da ƙarin kuɗin M3 ko RS ko babbar AMG yake saye shi ne juriya. An ƙara musu lagireto da na'urorin sanyaya baƙin mai, an ƙarfafa ƙasan bodi, an faɗaɗa tazarar tayoyi, an sa birkin da zai jure taka shi sau goma a jere ba tare da ya yi laushi ba. Wanda zai riƙa shiga filin tsere lokaci zuwa lokaci zai ci moriyar wannan duka. Wanda tafiyarsa daga gida zuwa ofis ce da ɗan balaguro a ƙarshen mako, zai biya kuɗin juriyar da ba zai taɓa isa gare ta ba, ya kuma sha taurin shakazoba kowace safiya.

Wane ƙarin kaya ne ya cancanci kuɗinsa?

Ma'auni mai sauƙi shi ne a tambayi ko kayan zai sauya yadda motar take tafiya, ko yadda ake zama a cikinta kullum. Shakazoba mai sauya tauri, inda ba ya cikin kayan asali, yana kan gaba, domin shi ne yake mai da mota ɗaya ta zama biyu. Na biyu shi ne akwatin raba ƙarfi na tayoyin baya mai hana taya ɗaya juyawa a banza, wanda ake sayarwa daban a wasu nau'o'in tsakiya da kuma wasu motocin Audi. Fitilu masu kyau, da nunin gudu a jikin gilashin gaba, da kyamarorin da ke nuna kewayen mota, su ma suna biyan kansu, na ƙarshen musamman saboda rim mai faɗi ba ya jimawa bai goga dakalin titi ba.

A ɗaya ɓangaren akwai manyan rim da suka wuce na asali, waɗanda ke ƙara kyan gani suna rage kaurin taya, su sa tafiya ta yi tauri kuma rami ɗaya ya iya fasa taya ko ya lanƙwasa ƙarfe. Akwai ado na zaren kabon a madubai da bamba, wanda ba ya rage nauyin da za a ji. Akwai kuma kuɗin da ake biya domin a ɗaga iyakar gudu daga kilomita 250 a awa zuwa 290, abin da ba shi da wurin amfani sai filin tsere ko sassan babbar hanyar Jamus da ba su da iyaka.

Kujerun tsere na kabon suna bukatar tunani na musamman. Na M3 da M4 suna riƙe jiki sosai a kwana kuma sun fi na asali sauƙin nauyi, amma gefensu yana da tsawo da tauri, akwai kuma wani tudu na kabon tsakanin cinyoyi. Shiga da fita sai an dafa an ɗaga jiki, kuma mai giyar hannu yakan ji tudun a duk lokacin da ya kai ƙafa kan kuloci. Kada a zaɓe su daga hoto. A zauna a ciki, a fita, a sake shiga sau uku, sannan a yanke shawara.

Birkin siramik fa?

Faifansa ya fi na ƙarfe sauƙin nauyi, yana jure zafi mai tsanani, ba ya baɗe rim da baƙar ƙura, kuma a tafiyar titi yana iya daɗewa ƙwarai. Amma tsakuwa ko sakaci wajen cire taya na iya ɓantare gefensa, kuma canjinsa ya ninka na ƙarfe sau da yawa. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne da yawa daga masu yawan shiga filin tsere sun fi son faifan ƙarfe da takalman birki masu jure zafi da man birki mai kyau, saboda zafin tsere yana cin siramik ɗin ma, kuma ƙarfe ne ake iya canzawa ba tare da aljihu ya girgiza ba. A tsayawar gaggawa guda ɗaya a titi, taya ce take yanke tazarar tsayawa, ba irin faifan ba.

Mene ne ainihin kuɗin riƙe irin wannan mota?

Mafi girman asara ita ce faɗuwar darajar motar a shekaru uku na farko, kuma ƙarin kayan da aka loda mata su ne suke fara zubewa, domin mai saye na biyu ba ya biyan rabin abin da aka biya musu. Bayan wannan sai tayoyi. Irin su Michelin Pilot Sport 4S ko Pirelli P Zero Corsa robarsu tana da taushi, kuma da yake girman na gaba da na baya ya bambanta a yawancin motocin, ba a iya musanya musu wuri domin su cinye daidai. Sai fetur mai babban lambar oktan, wanda injunan suke bukata kafin su ba da cikakken ƙarfinsu, sai inshora, sai baƙin mai na musamman. Akwai kuma tambayar da ake mantawa: shin akwai makanikin da ya san motar da kwamfutar duba ta a inda mai ita yake zaune? Motar da sai an jira kayan gyaranta makonni ba ta da araha, komai sauƙin kuɗin da aka saye ta. A wannan fanni Lexus tana da kyakkyawan tarihi, kuma injinta marar turbo yana da ƙarancin abubuwan da za su lalace.

Sayen ta hannu dabara ce?

Dabara ce mai kyau idan aka yi bincike, domin wani ya riga ya ɗauki mafi nauyin asarar. C 63 mai V8 ta 2015 zuwa sama, da M3 ta 2014, da Giulia Quadrifoglio, duk suna ba da abin da sabuwa take bayarwa ko kusa da shi. Amma araha ba ta ado, kuma irin waɗannan motoci ba a saye su domin a lallaɓa su ba. A fara da takardun sabis. Motocin M na BMW suna da sabis na farko a kilomita 2,000, inda ake canza mai bayan inji ya gama zama, kuma rashin shaidarsa alama ce ta irin kulawar da motar ta samu. A tsuguna a duba tayoyi: idan huɗun iri ɗaya ne masu kyau, mai motar ba ya ƙyashin kashe mata kuɗi, idan kuwa kowace da sunanta, ko gefen waje ya narke ya yi ƙuraje, an san inda ta je. A shafa yatsa a bakin faifan birki a ji ko ya yi tudu. A sa a duba kwamfutar inji ko an taɓa sauya mata lissafi domin ƙara ƙarfi, abin da ke soke garanti yana kuma gajiyar da turbo da giya. A kuma nemi a tayar da injin yana sanyi, ba bayan an dumama shi kafin isowar mai saye ba. Kowane tsohon samfuri yana da raunin da aka san shi da shi, misali boris ɗin sandunan fistin a injin V8 na M3 ta 2007, wanda masu ita da yawa suke canzawa tun kafin ya ba da matsala.

Za a iya mai da ita motar iyali?

Manyan rukunin masu ƙofa huɗu suna ɗaukar manya huɗu da kayansu. Mai son wuri ya duba masu dogon baya, wato RS 4 Avant da M3 Touring, wadda BMW ta fara sayarwa a 2022. Kujerar baya ta Giulia da Blackwing da IS 500 ta fi matsi, ta M2 kuwa ta yara ce ko gajeriyar tafiya. C 63 mai silinda huɗu ta rasa wani ɓangare na wurin kaya saboda batir.

Lokutan da ake bugawa na zagaya filin tsere na Nurburgring suna da ma'ana ga mai saye?

Suna da ma'ana kaɗan. Zagayen arewa na wannan fili a Jamus ya kai kusan kilomita 20.8, yana da hawa da gangara da kwanoni iri-iri, kuma motar da ta yi sauri a can babu shakka birkinta da sanyayarta suna da ƙarko. Giulia Quadrifoglio ta zagaya shi cikin minti 7 da daƙiƙa 32 a 2016. Amma ƙwararren direba ne yake yin irin wannan lokaci, sau da yawa a kan tayoyin da suka fi kusa da na tsere, waɗanda ba su da kyau a ruwa, kuma saitin da ke rage daƙiƙa biyar a can yana iya zama wanda ke gajiyar da baya a hanyar gari.

Yaya ya kamata a gwada su kafin a zaɓa?

Gani ya kori ji, amma gwajin minti goma a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya ba gani ba ne. A nemi aƙalla rabin awa, a bi hanya iri ɗaya da kowace mota, a rana ɗaya idan zai yiwu, kuma hanyar ta ƙunshi gargada da cunkoso da kwanoni da ɗan miƙaƙƙen titi. A fara da saitin da ya fi taushi, domin a cikinsa za a yi mafi yawan tafiya, a kashe rediyo a saurari ƙarar tayoyi. A gwada sauya sanyin iska da madubi ana tafiya, a ga ko sai an ɗauke ido daga hanya an shiga allo. A tambayi girman rim da irin tayar da ke kan motar gwajin, a kuma nemi jerin ƙarin kayan da ke cikinta, saboda motocin gwaji kusan kullum a cike suke, kuma wadda za a kawo wa mai saye tana iya bambanta da ita a tafiya.

Idan aka matsa a ambaci suna, wacce ta fi dacewa da wa?

Wanda yake son mota ɗaya da za ta yi masa komai, rani da damina, titi da filin tsere, M3 Competition xDrive ce ta fi cika sharuɗɗan. Wanda sitiyari da taushin tafiya suka fi masa komai, kuma yana da makanikin da ya amince da shi, Giulia Quadrifoglio zai fi jin daɗi, ko Blackwing mai giyar hannu idan ana sayar da ita a ƙasarsa. RS 3 ta dace da mai son ƙaramin jiki da inji mai hali na kansa da tsayuwa daram a ruwan sama, IS 500 kuma ta mai niyyar riƙe mota shekara goma ce yana sauraron V8. C 63 mai silinda huɗu za ta burge mai sha'awar fasahar lantarki, amma wanda ya zo neman AMG ɗin da ya sani gara ya nemi mai V8 ta hannu. Da ni ne zan kashe kuɗina domin tafiyar kullum, M340i zan ɗauka da shakazoba mai sauya tauri da rim na asali, in ajiye ragowar kuɗin domin tayoyi masu kyau da kwana ɗaya ko biyu na koyon tuƙi a filin tsere tare da malami a kujerar gefe.